Tanti ko RV: ina ya fi dacewa ka kwana a Black Hills da Badlands?

Tun da muka dawo daga jihar Dakota ta Kudu a Amurka, yankin Black Hills da Badlands, 'yan uwa ke ta tambayata wai wane sansanin kwana ne yafi a can, ni kuma kullum sai na maida musu da tambaya, da me zaka je kuma da wa zaka je? Domin wallahi wurin da mai tanti zai kwana ya tashi yana Alhamdulillah, shi ne wurin da mai RV zai isa ya tarar ko shiga ba za a barshi ya yi ba. Sau biyu naje yankin nan daga Minneapolis, tafiyar kusan awa 9 a mota idan ba a cika tsaye-tsaye ba, yawancinta kan babban titin I-90. Zuwan farko da tanti muka je ni da maman yara da yaranmu uku, zuwa na biyu kuma haya muka yi na RV, motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a cikinta, saboda Hajiya surukata ta zo mana ziyara daga gida kuma gwiwarta ba zata ɗauki kwanan ƙasa ba. To abin da na gani a tafiyoyin nan biyu shi zan faɗa.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, wuraren kwanan nan ba hukuma ɗaya ce ke riƙe dasu ba, kuma wannan shi ke rikita sabon zuwa. Akwai Custer State Park na gwamnatin jiha, akwai Badlands da Wind Cave na hukumar gandun tarayya, akwai Black Hills National Forest na hukumar daji, sannan ga na 'yan kasuwa birjik a kewayen garuruwan Hill City da Custer da Keystone. Kowa da dokarsa da shafin da ake kama wuri. Katin nan na shekara na shiga gandayen tarayya, America the Beautiful, zai shigar da kai Badlands amma ba ya aiki a Custer State Park tunda na jiha ne, can sai ka sake yankar tikitin shiga, kuma ko a inda katin yake aiki kuɗin shiga kawai ya ɗauke maka banda kuɗin kwana. A Mount Rushmore kuwa, dutsen nan mai fuskokin shugabannin Amurka huɗu, ba a kwana sam, ka kalla ka fita ne.

Bari in fara da Custer State Park don shi na fi so kuma ba zan ɓoye ba. Gandu ne mai faɗin eka 71,000, da garken ɓaunar Amurka (bison) sama da dubu suna yawo abinsu babu shinge tsakaninku, ga tafkuna ga itatuwan fayin (pine) dogaye masu ƙamshi. Sansanoni 9 ne a ciki kuma ba iri ɗaya bane ko kaɗan. Game Lodge shi ne na masu RV a ganina, fili ne shimfiɗaɗɗe a bakin rafin Grace Coolidge, wuraren fakin ɗin da faɗi, akwai wuta, akwai shawa mai ruwan zafi, akwai inda ake juye tankin ƙazantar mota. Kusa dashi ne State Game Lodge inda shugaba Calvin Coolidge ya yi hutun bazararsa a 1927. Nan muka sauka da Hajiya kuma gaskiya ta ji daɗi, da asuba bayan sallah ta zauna a ƙofar motar da carbinta tana kallon ɓauna suna kiwo can gefe, har yau tana bada labarin. Amma fa inuwa ba ta da yawa a wasu wuraren, idan da tanti kazo rana zata dameka da hantsi.

Mai tanti ya nemi Blue Bell ko Stockade. Blue Bell yana cikin manyan itatuwan fayin ba nisa da rafin French Creek, inuwa ko ina, shiru, ƙasar mai laushi ce turakun tanti suna shiga ba wahala. Stockade guda biyu ne, na arewa da na kudu, kusa da tafkin Stockade, kuma abin da yasa nake son su shi ne kusancinsu da garin Custer, minti kaɗan ka isa shago idan ƙanƙarar kula ta narke ko madarar yara ta ƙare. Mu a Stockade muka kafa tantinmu zuwan farko, dare uku, yara suka yi ta wasa da duwatsu har suka manta da waya. Sylvan Lake kuma shi ne mafi kyau a ido babu gardama, tafki ne da manyan duwatsu suka kewaye, daga nan ake hawa Black Elk Peak mai tsayin sama da ƙafa 7,200, wanda har 2016 Harney Peak ake kiransa. Sai dai sansanin yana sama sosai, wajen ƙafa 6,200, dare akwai sanyi ko a watan Yuli, wuraren a matse suke kuma ba ya ɗaukar babbar RV. Wanda ya saba da sanyin hunturun Kano yana ganin ya san sanyi, to ya riƙo bargo mai kauri da abin shimfiɗa mai hana sanyin ƙasa ratso baya, domin sanyin da ke tasowa daga ƙasa shi yafi hana barci ba na iska ba.

Matsalar Custer ɗaya ce, samun wuri. Ana buɗe kama wuri tun shekara guda kafin ranar, kuma mutanen nan da gaske suke kamawa tun lokacin, idan ka tashi a watan Mayu kana neman wuri na Yuli a Sylvan Lake ko Game Lodge sai dai in wani ya fasa. Wanda ba mazaunin jihar ba kuma akwai ɗan ƙarin kuɗi da ake caji wajen bukin, wato kama wurin. Mafitar da suka bari ita ce Center Lake, sanda muka je tsarinsa shi ne a ranar da zaka kwana a ranar ake kama wuri, da sassafe, babu wuta a can don haka masu tanti sun fi yawa. Idan kai mai yanke shawarar tafiya ne dare ɗaya to nan zaka sa ido. Sannan a sani ko a inda akwai wuta, wuta ce kawai, ba a jawo maka ruwa da bututun ƙazanta har jikin mota ba, zaka cika tankinka ne ka lallaɓa shi. Mu shida a RV tankin ruwan wanka da wanke-wanke baya kai kwana biyu ya cika, dole muka koma wanka a shawar sansani muka barwa Hajiya na cikin mota.

Yanzu ga maganar da nake roƙon duk mai RV ya karanta sau biyu, maganar hanya. Needles Highway, wani titi a cikin Custer State Park da aka gama a 1922, mil 14 ne na lanƙwasa tsakanin duwatsu masu tsini, kuma akwai ramin da aka fafe cikin dutse mai suna Needles Eye wanda faɗinsa wajen ƙafa 8 ne kacal. RV ɗin haya ta yau da kullum mai tsawon ƙafa 25 ko 30, jikinta kaɗai ya kai wannan faɗin kafin a zo maganar madubai, tsayinta kuma wajen ƙafa 12. Ba zata wuce ba, shikenan. Iron Mountain Road ma da ramukanta guda 3 da gadojin katako masu murɗewa, ba hanyar babbar mota bace. Kuma taswirar waya bata san girman motarka ba, gajeriyar hanya kawai take nema, ita zata tura ka can. Na ga wani bawan Allah da tirela ya iso bakin ramin, ga motoci jere a bayansa, babu wurin juyawa, matarsa ta sauko tana masa nuni yana baya da kaɗan kaɗan, tausayi ya kamani sosai. Don haka mai babbar RV ya ajiye ta a sansani ya zaga da ƙaramar mota, mu abokina ne ya biyo mu da tasa motar shi ya cece mu. Mai tanti da ƙaramar motarsa kuwa duk wannan bai shafe shi ba, kuma a nan ne tanti yafi RV nesa ba kusa ba, domin wuraren da suka fi kyau a Black Hills ta waɗannan ƙananan hanyoyin ake isa.

Sai sansanonin hukumar daji, Black Hills National Forest, daji ne na eka miliyan 1.2 da sansanoni wajen 30. A shafin Recreation.gov ake kama su, wata 6 kafin ranar. Sun fi arha, sun fi shiru, wuraren da tazara tsakaninsu ba kamar na 'yan kasuwa ba, amma galibi babu wuta babu shawa, fanfon ruwan sha ne na kowa da kowa sai masai na rami. Horsethief Lake mil 2 ne kawai daga Mount Rushmore a kan titi 244, ƙarami ne kuma saurin cika yake. Sheridan Lake da Pactola suna kan titi 385, manya ne, Pactola shi ne tafki mafi girma da zurfi a yankin, masu kwale-kwale da kamun kifi nan suke taruwa don haka ranakun ƙarshen mako akwai hayaniya. Deerfield kuwa can ciki yake sama, sanyi, netwok ya kan ɗauke, wanda yake son ya huta da mutane nan ne nasa. Ga matasa ko ma'aurata marasa ƙananan yara ina ganin waɗannan sun fi Custer riba. Amma iyali da basu taɓa kwanan daji ba, masan ramin nan kaɗai zai iya ɓata tafiyar, na san matan da daga leƙawa ɗaya suka ce a maida su otal. Babu ruwa a cikinsa, butarka zaka shiga da ita, kuma dan Allah kar a jefa komai a ramin banda takardar da aka tanada.

RV a sansanin daji zata iya zama, amma kan batir da tankinka zaka rayu, esi ba zai tashi ba sai da janareta, janareta kuma akwai lokutan da aka hana kunna shi musamman da dare. In ka kashe kuɗin haya mai yawa don Hajiya ta samu sanyin esi da firiji na maganinta, sannan ka kai motar inda babu wuta, ka yi asarar rabin abin da ka biya. A dajin an yarda mutum ya kafa tanti a waje da sansani kyauta a wurare da dama, amma a ɓangaren Dakota ta Kudu ba a yarda ka hura wutar itace a fili ba sai a murhun ƙarfe da aka girka cikin sansani, risho na gas zaka yi girki dashi. Ba wasa suke da gobarar daji ba kuma suna da gaskiya. Itacen wuta ma kar ka ɗauko daga wata jiha, gandun jihar sun hana saboda wani ƙwaro da ke kashe itatuwan ash wanda aka gano a Sioux Falls a 2018, a can zaka saya ɗauri ɗauri.

Na 'yan kasuwa ba sai na ja magana ba. Irin su KOA na Palmer Gulch kusa da Hill City da Rafter J Bar Ranch, su ne masu abin da suke rubutawa full hookup, wato wuta da ruwa da bututun ƙazanta duk a jone da motarka, ka yi wanka yadda kake so, ga injin wanki ga wurin iyo ga shago ga intanet. Kuɗinsu a bazara zai iya ninka na sansanin daji biyu ko uku. Ga babbar RV da tsoho ko jariri ko mara lafiya mai buƙatar na'ura da dare, kuɗin nan ba asara bane. Ga mai tanti kuwa ban ga dalili ba. Mun taɓa kwana ɗaya a wani irinsu da tanti, ba zan kama suna ba, aka bamu wani ɗan fili tsakanin manyan motoci biyu, esin maƙwabci yana ruri a kunnenmu har asuba, fitilun kan hanya kamar rana, ko tauraro ɗaya bamu gani ba, kuma mun biya fiye da abin da muka biya a Stockade. In zaka kama wurin RV ka duba wutar amp 30 ce ko 50 ta dace da motarka, ka kuma duba wurin irin wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba ne ko sai an yi ribas, domin ribas da ƙafa 30 cikin duhu ga wanda bai saba ba tashin hankali ne.

To Badlands fa? Nan wata duniya ce daban, kusan awa ɗaya gabas da Rapid City. Babu itace, babu inuwa, tsaunukan yumɓu ne masu launi-launi da ruwa da iska suka sassaƙe, sai ciyawa iyakar ganinka. Da rana a Yuli zafi yana wuce digiri 38, irin zafin da ɗan Sakkwato zai gane, bambancin kawai shi ne a gida akwai darbejiya da zaka fake. Sansani biyu ne a cikin gandun kuma kamar dare da rana suke.

Cedar Pass yana da wurare 96 kusa da cibiyar baƙi ta Ben Reifel, akwai ruwan fanfo da banɗaki na zamani, wasu wuraren da wuta, kowane teburi da 'yar rumfarsa saboda rana, titi kwalta har ƙofa. Mai RV nan ne nasa ba tantama. Mai tanti ma zai iya, amma iska ce abokiyar gaba, babu abin da ke tare ta, ƙaramin tanti mai ƙasa-ƙasa yafi babban tantin iyali mai tsayi, kuma turakun da ke zuwa cikin kwalin tanti basu isa ba, a sayi dogaye masu ƙarfi a ɗaure duk igiyoyin. Ba a hura wutar itace a Badlands gaba ɗaya, don haka wanda ya ƙudurta gasa tsire a kan garwashin itace ya bari sai Custer. Abin da zaka samu a madadin haka shi ne sama. Wallahi tun ina yaro a ƙauyenmu lokacin da babu lantarki rabona da ganin taurari haka, a bazara ma'aikatan gandun suna fito da na'urar hangen nesa da dare a dandalin da ke gefen sansanin, yarana har yau suna maganar zoben Saturn.

Sage Creek kuma kyauta ne, ba a bukin, wanda ya riga ya riga, wurare 22 ne a zagaye cikin fili. Hanyar zuwa ta tsakuwa ce ba kwalta, an hana duk RV ko tirelar da ta wuce ƙafa 18, an hana janareta, masai na rami ne, kuma babu ruwa ko ɗigo. Ɓauna suna ratsawa ta tsakiyar tantuna, ga wasu 'yan dabbobi masu kama da kurege da ake kira prairie dog sun haƙa ramuka ko ina suna ta kuka. Mun kwana ɗaya a nan zuwan farko kuma shi ne daren da na fi tunawa a duk tafiyar, amma ba zan ce kowa yaje ba. Maganar ruwa ga Musulmi ba ƙarama bace, Bature yana lissafin na sha da na girki ne kawai, kai kuwa ga alwala sau biyar ga tsarki, ga mata ga yara. Mu biyar jarka biyu manya muka cika a garin Wall kuma da kyar suka kai mu hantsin gobe. Eh akwai taimama idan ruwa ya yanke da gaske, amma wanda ya san inda zashi gara ya yi tanadi tun daga gari. Ɓauna kuma ba saniyar Fulani bace da zaka matsa ka shafa, tana da gudu fiye da mutum nesa, tana kashewa, in ta tsaya kusa da tantinka ka koma mota ka jira ta wuce. A ja wa yara kunne kar su taɓa 'yan kuregen nan ko su sa hannu a raminsu, ƙumansu na iya ɗaukar cutar annoba, kuma a ciyawar akwai maciji mai kaɗa jela, takalmi rufaffe ba silifas ba.

Akwai wuri na uku a wajen gandun da hotonsa ke yawo sosai, a Buffalo Gap National Grassland, 'yan mil kaɗan kudu da Wall kan titi 240, inda motoci ke jerawa a bakin wani dogon gangare suna kallon Badlands daga sama. Kyauta ne, har kwana 14 zaka iya yi, amma babu komai, ba ruwa ba masai ba kwandon shara. Wannan wurin masu RV ne da ke da banɗakinsu a ciki. Mai tanti kar hoto ya ruɗe shi, iskar bakin gangaren nan tana kwantar da tanti, kuma ina zaka kai iyali su zaga a fili fetal ga motoci a jere? Idan aka yi ruwa kuma ƙasar wurin laka ce mai danƙo kamar ta fadama, tayar mota tana cika ta daina kamawa, ko mai babbar mota sai ya jira ta bushe. Da ƙananan yara ma ba zan kai su bakin gangare mara shinge ba.

Wind Cave ba zan daɗe a kansa ba, sansani ɗaya ne Elk Mountain, babu wuta babu shawa, shiru ne kuma yafi sauran sauƙin samun wuri, ya dace da mai tanti da yake son shiga kogon da safe ko wanda ya rasa wuri a Custer, tunda maƙwabta ne, garin Hot Springs kuma yana kusa.

Lokacin zuwa ma yana canza lissafin gaba ɗaya. Farkon watan Agusta ake taron masu babura na Sturgis, tun 1938 ake yinsa, kwana 10, mutane dubu ɗaruruwa ke zuwa, duk sansanonin yankin cika suke farashi ya tashi, ƙarar babura tun safe har dare a kan duk hanyoyin nan masu kyau. Mai iyali ya kauce wa wannan lokacin kawai. Juma'ar ƙarshe ta Satumba kuma ake kora garken ɓauna a Custer, abin kallo ne amma wuri sai wanda ya kama tun bara. Ni na fi son ƙarshen Yuni ko farkon Satumba. A bazara hadari kan taso da yamma ba sallama, wani lokacin da ƙanƙara manya, in kana tanti mota ce mafakarka, in kuma RV ce ka naɗe rumfar gefenta duk sanda zaka bar wurin don iska na karya ta kuma kai zaka biya. Wurin da ke dab da bakin rafi yana da daɗi amma in sama ta yi baƙi a lura, ambaliyar 9 ga Yuni 1972 a Rapid City mutum 238 ta kashe cikin dare ɗaya, ruwan da ya sauka kan duwatsun nan ne ya gangaro.

Wani ɗan abu da ya shafe mu, in ka taho daga gabas bayan ka tsallake kogin Missouri da ɗan tafiya agogo yana komawa baya da awa ɗaya, a duba manhajar lokutan sallah ta gane inda kake kafin netwok ya ɗauke, alƙibla kuma arewa maso gabas take. A Yuni asuba da wuri take isha kuma can dare, sansanin da ke da fanfo kusa da wurinka yafi wanda sai ka yi tafiya da tocila cikin sanyi, ni yanzu in zan kama wuri taswirar sansanin nake buɗewa in ga ina fanfo yake ina banɗaki yake kafin in kalli hoton tafki. Naman halal kuma tun daga Minneapolis muke sayowa mu daskarar mu jera a kula, kilishi da garin kunu da yaji basa ɓaci, su ke cetonka ranar da aka gaji da girki. Kuma a tuna ƙasar nan mai tsarki ce ga mutanen Lakota, 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Turawa, Paha Sapa suke kiranta, yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar musu ita, aka ga zinare a 1874 aka ƙwace, har kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1980 cewa a biya su diyya suka ƙi karɓa suka ce ƙasarsu suke so. In ka ga ƙyallaye masu launi ɗaure a jikin itace a kan hanyar Black Elk Peak na addu'arsu ne, kar yara su kwance.

Maganar kuɗi, kar wanda ya ɗauka RV arha ce don ba a biyan otal. Ga kuɗin haya na kowane dare, ga cajin mil, ga na janareta awa awa, ga mai, motar nan wajen mil 8 zuwa 10 take yi da galan ɗaya, ka lissafa daga Minneapolis zuwa da dawowa. Tafiyarmu ta RV ta ci ninkin ta tanti sau da yawa, ban yi nadama ba don Hajiya ce dalili, amma da mu kaɗai ne da tanti zan sake zuwa.

In ƙanina ne ya tambaye ni yau, iyali da tanti karon farko, zan ce masa dare ɗaya a Cedar Pass a kan hanyar zuwa, ku isa da la'asar rana ta yi sanyi ku tashi da wuri kafin ta buɗe, sannan dare uku a Stockade ko Blue Bell. Samari da tanti kuma Sage Creek da jarkokin ruwa, daga nan Deerfield ko Horsethief. Mai RV da dattijai a ciki Cedar Pass wurin da ke da wuta, sai Game Lodge in an samu, in ba a samu ba a biya na 'yan kasuwa kusa da Hill City a ajiye motar a can a nemi ƙarama ta zagaye. Ni dai na riga na sa ƙararrawa a wayata saboda ranar da za a buɗe bukin ɗin Blue Bell na ƙarshen Yunin baɗi, akwai wani wuri can gefe ƙarƙashin fayin, kusa da fanfo, shi nake so in Allah ya kai mu.